Rungumar kowala: wa ke jin daɗi, wa ke haƙuri?

Ranar 1 ga Yulin 2024, gandun kowala na Lone Pine da ke gefen birnin Brisbane a ƙasar Ostareliya ya ajiye abin da ya yi suna a kansa shekara da shekaru, wato miƙa wa baƙo kowala ya rungume a ƙirji a ɗauke shi hoto. An buɗe gandun ne a 1927 da kowala biyu kacal, Jack da Jill, yau kuwa yana da sama da 100, kuma a duniya babu irinsa da ya kai shi tsufa ko girma. In babban gida irin wannan ya sauke sana'ar da ta ɗaukaka shi, dole ƙanana su tsaya su dubi kansu. Shi ya sa tsohuwar muhawara ta sake tasowa: ya dace a riƙa barin maziyarta suna ɗaukar wannan dabba, ko kuwa kallo ya wadatar?

Ga wanda bai taɓa ganinta ba ko a hoto, kowala dabba ce mai gashi toka-toka mai laushi, da kunnuwa fankama-fankama, da baƙin hanci mai faɗi. Nauyinta daga kilo 4 zuwa 15 ne, kamar na yaron goye, kuma na kudancin ƙasar sun fi na arewa girma da kaurin gashi. Dangin kangaru ce, masu renon ɗa a aljihun ciki. Cikinta kwana 35 ne ko kusa da haka, ɗan kuma idan ya faɗo bai fi ƙwayar wake ba. Da kansa yake rarrafawa ya shige aljihun uwar, ya yi kamar wata shida a ciki, sannan ya fito ya haye bayanta ta ci gaba da goyo. Wanda duk ya ga uwa a kan reshe da ɗa a maƙale a gadon bayanta zai gane dalilin da ya sa mutane ke bin layi. Kamanninta na jariri ne, hannun mutum kuma in ya ga jariri ƙaiƙayi yake yi.

Manyan duniya ma ba su tsira daga wannan sha'awa ba. Fafaroma John Paul na biyu ya rungumi kowala a Brisbane a 1986. A Nuwamban 2014, lokacin taron ƙasashe 20 masu ƙarfin tattalin arziki a wannan birni, an ɗauki hoton Barack Obama na Amurka da Vladimir Putin na Rasha kowa da tasa a ƙirji, tare da mai masaukinsu Firaminista Tony Abbott. Kowala ta zama kamar goron da Ostareliya ke tarbar baƙi da shi.

Sai dai ita kanta ƙasar bakinta bai zo ɗaya ba. Dokar namun daji a hannun jihohi take, kowace da tata. A jihohi uku ne kawai doka ta yarda baƙo ya ɗauki kowala: Queensland, da Ostareliya ta Kudu, da Ostareliya ta Yamma. New South Wales, jihar da birnin Sidni yake, ta hana tun 1997, haka ma ba a yi a Biktoriya da Tasmaniya. A wasu gidajen da ke waɗannan jihohi za a bar ka ka tsaya kusa da ita tana kan reshenta, a wani wurin har ka ɗan shafa bayanta, amma ba za a ɗora maka ita ba. Ke nan abin da yake halal a Brisbane, in ka yi tafiyar awa ɗaya da rabi kudu ka tsallaka iyakar jiha ya zama laifi, alhali dabbar ita ce dai.

Queensland, wadda ita ce cibiyar wannan sana'a, ba sakaka ta bar abin ba. Ƙa'idarta ta ce kowala ɗaya ba za a yi aikin ɗauka da ita fiye da minti 30 a rana ba, ko fiye da minti 180 a mako, kuma in ta yi kwana uku a jere sai an ba ta hutu. Steven Miles, wanda yake shugaban gwamnatin jihar lokacin da Lone Pine ya sanar da matakinsa, ya tuna wa 'yan jarida cewa tun yana ministan muhalli yakan ce da wasa babu ƙungiyar ƙwadago a ƙasar da ta kai ta kowala ƙarfi. Yadda ake yin ɗaukar ma akwai tsari. Ba a barin baƙo ya sunkuya ya ɗaga ta da kansa. Mai kula da ita zai ce masa ya tsaya cak kamar bishiya, ya haɗa tafukansa a daidai cibiya, sai a zaunar da ita a kan tafukan ta kama kafaɗarsa. A ƙyasta hoto, a karɓe ta, na bayansa ya matso.

Minti 30 a rana, in an ji shi da kunne, kamar ba komai. A nan ne sai an san cikin dabbar kafin a yanke hukunci.

Abincin kowala ganyen bishiyar turare ne, wadda wasu ke kira zaiti. Mutanen Kano da Jigawa da Katsina sun san ta sarai, ita ce doguwar bishiyar nan mai saɓa ɓawo da aka dasa jere-jere don tare iska da hamada. Asalinta daga Ostareliya aka kawo ta, kuma irin da ya fi yawa a wajenmu yana cikin waɗanda kowala ta fi so a can gida. Duk wanda ya taɓa murza ganyenta a hannu ya sansana ya san ƙarfin man da ke ciki. Ganye ne mai tauri, mai ɗaci, mai guba ga yawancin dabbobi, abin gina jikin da ke cikinsa kuma ɗan kaɗan ne. Akwai ire-iren bishiyar sama da 700, amma kaɗan daga ciki kowala ke ci, kuma ko a cikin waɗannan sai ta sansana ta zaɓa. Tana cin kamar rabin kilo a rana, wani lokaci fiye. Hantarta ce ke kashe gubar, wani sashe na hanjinta mai tsawon kusan mita 2 kuma, cike da ƙwayoyin halitta masu taimakon narkar da abinci, shi ke tatsar ɗan abin da ke cikin ganyen a hankali.

Dabbar da ke rayuwa a kan irin wannan cima kamar magidanci ne mai ƙaramin albashi, komai nasa a lissafe yake. Shi ya sa take kwashe awa 18 zuwa 20 a kowace rana tana barci ko hutawa. Masu cewa ganyen ne ke bugar da ita sun yi kuskure, tattalin ƙarfi take yi. Ɗan lokacin da ya rage mata na farke, yawancinsa da almuru ne da dare, a nan take ci, ta sauya bishiya, namiji ya yi gurnaninsa. To gandun namun daji da rana yake buɗewa. Wannan minti 30 daga tsakiyar barcinta ake yanko shi, kuma ba hannu ɗaya take zama ba. In kowane baƙo minti ɗaya ne ko biyu, ka lissafa ƙirji nawa za ta bi kafin lokacin ya cika, kowanne da warin jikinsa, da turarensa, da rawar hannunsa, ga hayaniyar masu jiran layi. Ita kuwa a daji ba mai son taro ba ce. Kowace da yankin bishiyoyinta, in ba lokacin barbara ba ko uwa da ɗanta, ba kasafai ake ganin biyu a manne ba.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne rungumar kanta. In an ɗora ta a jikinka sai ta kama ka da hannu bibbiyu ta kwantar da kai, kai kuma zuciyarka ta ce maka ai so ne. Alhali hannun kowala an halicce shi ne don kamun reshe: yatsu biyar, biyu daga ciki suna fuskantar sauran ukun kamar manyan yatsu, da farata masu kaifi. Duk abin da aka ɗora ta a kai kama shi za ta yi don kada ta faɗi. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Melbourne sun bi kowaloli a tsibirin French da kyamarar da ke auna zafi, suka gano cewa in rana ta ƙwalle sukan sauko su manna ƙirji da ciki a jikin kututturen da ya fi iska sanyi, wani lokaci ma na bishiyar da ba sa cin ganyenta. Rungumar da muke fassarawa da ƙauna, a wurinta dabara ce ta tsira daga faɗuwa da zafi. Mai kula da ita da ke ce wa baƙo ya tsaya kamar bishiya gaskiya ya faɗa, don matsayin baƙon ke nan a wurinta, sai dai bishiya ce mai motsi da numfashi da zafin jiki.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Kowala na cikin dabbobin da wannan magana ba ta cika aiki a kansu ba. Kare in ya tsorata zai ƙanƙame wutsiya, kyanwa za ta yi tsaki ta yage ka ta gudu. Ita fuskarta kusan ɗaya ce ko tana jin daɗi ko tana cikin damuwa, gudu kuma tsada gare shi ga mai tattalin ƙarfi. Sai ƙwararre ne ke lura da kaɗa kunne, da buɗe ido, da saurin numfashi, da sakin fitsari. Wani binciken na 2014 da aka yi a cibiyar kula da kowala ta tsibirin Phillip ya nuna cewa gwargwadon yawan baƙin da suka matso kusa, da gwargwadon ƙarar hayaniyarsu, gwargwadon yadda dabbobin ke barin hutu suna zama cikin shirin ko-ta-kwana. Waɗannan fa ba a ɗauke su ba, kusantar su kawai aka yi. Masana kan auna sinadarin damuwa a kashinta don sanin abin da fuskar ta ɓoye, kuma an san cewa damuwa mai tsawo tana raunana garkuwar jiki. Ga dabbar da cutar kilamidiya ta addaba, cutar da ke makantar da ita ta kuma hana ta haihuwa, raunin garkuwa ba abin wasa ba ne. Wannan ita ce hujjar ƙungiyoyin kare dabbobi irin su World Animal Protection, waɗanda suka daɗe suna neman a hana ɗaukar baki ɗaya.

Amma zalunci ne a ɗauka cewa masu ba da kowala a runguma mugaye ne ko 'yan neman kuɗi kawai. Maganarsu tana da nauyi, kuma ya kamata a saurare ta da kunnen basira.

Suna cewa dabbobin da ake aikin da su ba daga daji aka kamo su ba. A gandun aka haife su, haka iyayensu da kakanninsu, sun tashi suna jin muryar mutum da warinsa. Ba kowace ake sakawa ba, sai wadda aka ga tana da sanyin hali, kuma ranar da ta nuna ba ta so a kan mayar da ita reshenta. Mai kula da ita ya san ta kamar yadda makiyayi ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Tana samun sabon ganye kullum, da likita, babu mota babu kare, har takan fi 'yar uwarta ta daji tsawon rai. Sannan ga batun kuɗi. Ciyar da kowala tsada gare shi, don sai gandu ya mallaki gonakin bishiyar turare, ma'aikata su riƙa yanko rassa kowace rana. Gandun Currumbin da ke Gold Coast a jihar Queensland, wanda ba na neman riba ba ne, yana da asibitin namun daji da ke karɓar ɗaruruwan kowalolin daji a shekara, waɗanda mota ta buge ko kare ya ciza ko ciwo ya kayar. Kuɗin baƙi na cikin abin da ke riƙe da irin wannan aiki. Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta zuciya: wanda ya taɓa jin bugun zuciyar kowala a ƙirjinsa ba zai manta ba, kuma gobe in an ce za a sare dajinta shi ne zai fara ɗaga murya.

Hujjar sabo ita ce na fi jinjinawa, kuma na yarda cewa kowalar da aka rena a hannu ba ta jin firgicin da ta daji za ta ji. Sai dai sabo yana rage wahala ne, ba ya mayar da ita daɗi. Jakin da ya saba da kaya ba ya tirjiya, wannan bai sa kayan ya zama abin sonsa ba. In aka tambaya me kowala ta samu a wannan minti 30, amsar ita ce babu. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ba wani abu ba ne da take nema da kanta. Akwai ɗaukar da take da amfani gare ta, wato wadda likita ko mai kula da ita ke yi don a auna nauyinta, a duba idonta da haƙoranta, kuma babu mai hankalin da ke cewa a hana wannan. Ɗaukar baƙo kuwa amfaninta duk na baƙon ne da na gandun. A inda ɗaya ke cin riba ɗaya ke ɗaukar nauyi, wanda ke cin ribar shi ya kamata ya kawo shaidar cewa babu cutarwa, tunda ɗayan ba shi da bakin magana.

Batun kuɗi kuma, New South Wales ta riga ta gwada mana. Sama da shekara 25 ke nan da hanawa, gidajen namun dajin Sidni kuma ba su rufe ba, baƙi na ci gaba da biya don su tsaya kusa da kowala a ɗauke su hoto. Asibitin kowala na Port Macquarie, wanda aka kafa a 1973 a wannan jiha, ba ya ba kowa dabba ya riƙe. Lokacin gobarar dajin 2019 ya nemi taimakon dala 25,000 ta intanet don kafa wa namun daji wuraren shan ruwa, mutane daga sassan duniya suka tara masa sama da dala miliyan 7 na Ostareliya. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da kuɗin ko ƙasar ba su taɓa takawa ba, balle su rungumi kowala. Tausayi bai jira taɓawa ba. Shi kansa Lone Pine dalilin da ya bayar na dainawa shi ne baƙinsa ne suka nuna sun fi son su daɗe suna kallon dabbar tana harkokinta, a kan a miƙa musu ita na ɗan lokaci a karɓe.

Akwai kuma darasin da hoton ke koyarwa ba tare da an yi niyya ba. Mutumin da ya saba ganin kowala a ƙirjin mutane yakan ɗauka dabbar gida ce, in ya gamu da ita a gefen hanya sai ya nufe ta. Ta daji kuwa tana yakushi tana cizo, kusantarta kuma ƙarin wahala ne gare ta. A lokacin gobarar nan hotunan mutane suna ɗura wa kowala ruwa daga gora sun karaɗe duniya, har sai da masu jinyar dabbobi suka fito suka yi gargaɗi cewa in ta ɗaga kai tana sha ruwan kan shiga huhunta ya kashe ta, a zuba mata a kwano ta lasa da kanta. Niyyar masu yin haka kyakkyawa ce, sun dai ɗauke ta kamar jaririn mutum ne, kuma wannan ɗaukar ita ce sana'ar runguma ke ƙarfafawa.

Duk da haka ina tsoron kada a bar jaki ana dukan taiki. Ko yau aka hana runguma a duk faɗin ƙasar, kowala ɗaya ta daji ba za ta tsira saboda hakan ba. A watan Agustan 1927, shekarar da aka buɗe Lone Pine, gwamnatin Queensland ta buɗe farautarta na wata guda, aka tara fatu kusan 600,000. An daina wannan, amma abin da bindiga ta bari sai katafila ta ɗauka: sare daji don noma da kiwo da gina unguwanni, musamman a gabar gabas inda mutane suka fi so su zauna, inda kuma nan ne gidanta. In aka raba daji gida-gida dole ta sauko ƙasa don neman wata bishiyar, a ƙasa kuma mota da kare ke jiranta. Gobarar 2019 zuwa 2020 ta shafi kowala sama da 60,000 a ƙiyasin asusun kare namun daji na duniya, WWF. A Yunin 2020 kwamitin majalisar New South Wales ya ce in ba a tashi tsaye ba za ta ƙare a jihar kafin 2050. A Fabrairun 2022 gwamnatin tarayya ta saka ta cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a Queensland da New South Wales da yankin babban birnin ƙasar, shekara 10 kacal bayan an saka ta a matakin da ke ƙasa da wannan. New South Wales da ta hana runguma tun 1997 tana cikin jihohin da aka fi kuka da su a kan sare dajin kowala. Hana hoto abu ne mai sauƙi ga ɗan siyasa, don ba ya taɓa aljihun masu filaye da masu katako.

Ra'ayina shi ne a daina ɗaukar, amma a yi shi da tsari. A sa wa gidajen wa'adi su sauya, kada a wayi gari a datse musu hanyar samu, asibitocin da ke dogaro da su su shiga wani hali. A bar baƙo ya shiga ya zauna kusa, cikin ƙaramin rukuni, ba hayaniya, da mai kula da dabbar a gefensa yana yi masa bayani, ita kuma tana kan reshen da in ta ga dama ta hau sama ta ba su baya. Wannan zaɓin na hawa sama shi ne abin da runguma ke ƙwace mata. Sannan a ware wani kaso na kuɗin shiga a fili, baƙo ya san cewa abin da ya biya ya tafi sayen fili da dasa bishiya a inda na daji suke.

Lokacin yanke shawarar ma ya matso. Brisbane ce za ta karɓi gasar Olamfik a 2032, baƙi za su kwararo daga ko'ina, kuma da yawansu kowala ce abu na farko da za su nema bayan filin wasa. Lone Pine, wanda ke gefen birnin, ya riga ya zaɓi abin da zai nuna musu. Dokar jihar kuwa ta bar wa kowane gandu zaɓinsa.